Shanyar Mama a Gefen Hagu

Shekarun baya, lokacin ina sabon shiga harkar koya wa yara ƙwallo, wani dattijo ya yi mini tambayar da na ɗauka zolaya ce. Har yau idan na tuna yadda na tsaya a gabansa na saki baki, sai in yi wa kaina dariya. Amma bari in faro daga tushe, domin tambayar ba za ta yi muku ma'ana ba sai kun san filinmu.

Ni tela ne a Chanchaga. Na buga ƙwallo da ƙuruciya, ban kai ko'ina ba, gwiwata ta gaji tun kafin ni in gaji. Da na daina bugawa sai na koma tsayuwa a bakin fili ina yi wa yaran unguwa ihu, kai ba wancan, kai koma baya. A haka suka fara kirana Koci. Ba wanda ya naɗa ni, ba kwas ɗin da na taɓa zuwa. Usur ɗin ma abokina ne ya ba ni, wai muryata tana firgita masa kaji. Rigunan atisaye kuwa ni na ɗinka su da ragowar yadin mutane, shi ya sa idan muka fito za ka ga ɗan gaba cikin shadda, ɗan baya cikin atamfa, mai tsaron raga cikin abin da ya rage daga labulen wata amarya.

Filinmu yana bayan wata makarantar firamare, jar ƙasa ce, ba shi da girma. Ƙarshensa ɗaya katangar makaranta ce, ɗaya ƙarshen kuma babban titin da motocin Paiko ke bi. Saboda titin nan raga ɗaya tak muke da ita, a jikin katanga, don duk wanda ya buga ya kuskure katanga ta tare. Kullum haka muke atisaye: 'yan gaba suna fuskantar katanga, 'yan baya suna tare su. Idan ka fuskanci ragar, hannunka na dama bishiyar mangwaro ce, hannunka na hagu kuma shanyar Mama.

Mama tsohuwa ce 'yar Gbagyi, filin duka na gidan marigayi mijinta ne. Sana'arta turara shinkafa, ta shanya a kan tamfol, ta kai inji. Ita ta bar yara suna wasa a wurin, da sharaɗi ɗaya, kada a taka mata abinci. Ni da na dawo unguwar na tarar da dokar da ƙarfinta, har da hukuncinta. Duk wanda ya buga ƙwallo ta faɗa shanya, zai cire takalmi, ya je ya durƙusa ya gaishe da Mama, ya ɗauko ƙwallon, ya tsince ƙasar da ta zuba, sannan ya zauna a benci har a tashi. Ban ga aibun dokar ba, na ma ƙara mata ƙarfi. Ina alfahari da cewa yarana sun fi yaran kowa ladabi.

A cikin yaran akwai wanda muke kira Bahago, don komai da hagu yake yi. Ranar da ya fara zuwa yana ɗan ƙarami, na ga abin da ban taɓa gani ba a unguwar. Ƙwallo tana manne da ƙafarsa ta hagu, gudu kuma sai dai ka bi shi da ido. Matsalar ita ce ƙafar tasa kullum hagu take ja, hagu kuwa shinkafa ce. Babu yaron da ya kai shi gaishe da Mama. Wani makon zamansa a benci ya fi wasansa yawa. Da ya gaji da zama sai ya koyi dabara, ƙwallo na zuwa masa sai ya juya ta dama, ya shiga tsakiya inda kowa yake. Ni kuma na ce yaro ya yi hankali, na mayar da shi ɗan tsakiya. Ya daina cin hukunci, ya kuma daina ba ni mamaki. Na sha zama a kan keken ɗinki ina tambayar kaina ina wutar nan tasa ta tafi, sai in ce ƙila girma ne.

Mahaifinsa bakanike ne, mutumin kudancin Kaduna, garejinsa na bakin titi. Mutum ne mai tsare gida, ba ya zagi, ba ya duka, amma idan ya faɗi magana ta zauna. Shi a ganinsa ƙwallo wasan yara ce, kuma yaronsa ya kusa wuce yaro. Da aka sanar cewa za a zo zaɓen waɗanda za su shiga tawagar matasa ta jiha, sai ya kira ni da yaron ya yanke magana a gabanmu. Idan an ɗauke shi, ya sa masa albarka. Idan ba a ɗauke shi ba, zai tura shi Suleja wurin ƙanensa ya koyi wayarin ɗin mota, batun ƙwallo kuma ya ƙare. Yaron ya sunkuyar da kai. Ni na amsa da ƙarfin gwiwa, don a lokacin ban san abin da ban sani ba.

Dalilin ƙarfin gwiwata, muna cin wasa. Mun je Tunga mun ci, mun je Garatu mun ci. Abin da ban lura da shi ba, filayen nan duk ƙanana ne irin namu, kowa a cunkushe yake, mu kuma cunkoso shi ne gidanmu.

Ranar zaɓe aka kai mu babban fili a cikin gari, mai ciyawa, mai raga biyu da farin layi. Yarana suka tsaya suna kallon faɗinsa. Aka haɗa mu da wasu yara daga Bosso, waɗanda a ido ba su kai mu ba. Kafin hutun rabin lokaci sun ba mu biyu, aka tashi uku da nema. Duk ƙwallayen ta hanya ɗaya suka zo. Ɗan gefensu na hagu zai ɗauko ta ya bi layi shi kaɗai, ba mai tare shi, ya ɗago ta tsakiya a sa kai. Na yi ihu har muryata ta dushe. Bahago kuwa yana tsakiya ana ta bangazarsa, in ka ce ya buga wasan ma ka yi masa kara.

Bayan an tashi ina tattara riguna, raina a jagule, sai aka ce mini shugaban masu zaɓen yana kirana. Dattijo ne siriri mai furfura, an ce ya daɗe yana horar da manyan ƙungiyoyi. Na je na rusuna na gaishe shi, ina jiran faɗa. Sai ya matsa mini wuri a kan benci, ya dube ni da fuskar mai son jin labari.

"Ɗana, a filinku me ke gefen hagu? Rijiya ce ko kabari?"

Na ce, "Ba komai, Baba. Fili ne kawai."

Wallahi da gaske na faɗa. Abin da kake gani kullum ba ka ganinsa, kamar a tambaye ka launin ƙofar ɗakinka ka tsaya tunani. Dattijon ya yi murmushi ya ce ba zai yiwu ba. Ya ce ya zauna yana kallon yarana, ya ga duk suna taka birki a wuri ɗaya. Ƙwallo za ta yi hagu, su bi ta da gudu, da sun kai wani wuri sai su sassauta kamar masu shiga masallaci. Ya ce har ya ga wani ƙarami ya kai hannu ga igiyar takalminsa kafin ya tuna. 'Yan bayana kuma ba su san ana zuwa ta wannan gefen ba, domin ba a taɓa zuwar musu ta nan ba. Ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin yara goma sha ɗaya sun ji tsoron wuri ɗaya ba tare da dalili ba, kuma yana son ya san dalilin.

Sannan ya ce akwai zagaye na biyu nan da 'yan makonni, na waɗanda aka ga alama a jikinsu. Ya ce in kawo masa bahagon nan, amma in mayar da shi gidansa tukuna. Na tambaye shi wane gida. Ya nuna layin hagu da sandarsa, ya ce in je in duba filina, in zo masa da amsa.

Washegari da yamma ban hura usur ba. Na ce yara su yi wasansu, ni kuma na lallaɓa da gwiwar tawa na hau katangar makaranta na zauna. Abokina ya zo wucewa ya tambaye ni ko mangwaro nake nema, na ce masa ina aikin koci ne. Daga sama na ga filin da nake shiga kullum kamar ban taɓa ganinsa ba. Inda ƙafafu ke bi ya zama jar ƙasa fes, ba ko tsinke. Daga can gefen da ke hagun 'yan gaba, tamfol ɗin Mama ne. Tsakanin jar ƙasar da tamfol kuwa ga wata doguwar ciyawa kore shar, wadda ba mai taka ta, kuma faɗinta ya fi na shanyar kanta. Wato yara ba shanyar kaɗai suke gudu ba, har da inda ƙwallo za ta iya gangarawa ta kai shanyar. Kowane sabon yaro ya tarar da iyakar da manya suka bari, ya ƙara tasa don kada tsautsayi ya faɗa masa. A haka muka ba da kusan kashi ɗaya cikin uku na filin, ba wanda ya roƙe mu.

Na daɗe a kan katangar nan. Abin ya ba ni mamaki fiye da yadda ya ba ni haushi. Ina kallo ƙwallo ta gangara hagu, Bahago ya bi ta, ya kai bakin ciyawar ya tsaya cak, ya miƙa ƙafar dama ya janyo ta a hankali. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mun tanƙwara kam, sai dai ba mu duba ta ina ba.

Ranar Litinin da safe mahaifin Bahago ya shigo shagona da baƙin mai a hannu, ya zauna a kan bencin masu jiran ɗinki. Ya ce magana ta cika, yaro zai bi motar Suleja. Na roƙe shi ya ƙara mana zuwa zagaye na biyu. Ya tambaye ni abin da zai canza a 'yan makonni wanda bai canza a shekaru ba. Na yi masa bayanin katanga da ciyawa da shanya, na ce yaron nan ɗan gefen hagu ne, mu kuma mun rufe gefen hagu. Ya goge hannu da tsumma.

"Wato Koci, batir ne kuka haɗa a juye."

Na ce haka ne, Oga.

"To. Na ba ka zuwa ranar. Amma bayan shi ba wani ranar."

Dabarar farko da ta zo mini ita ce mu juya ragar ta koma bakin titi, shanya ta dawo hannun dama. Muka tono turakun muka kafa. Ba a yi nisa da fara wasa ba wani ya ɗirka ƙwallo ta haye titi, wata tirela ta bi ta kai. Ƙarar fashewar ƙwallon ta sa mai shayi ya zubar da ruwan zafi. Ita ce kuma ƙwallonmu mai kyau. Abin da ya fi tayar mini da hankali, na ga yaro ƙarami ya zabura zai bi ta titin. A ranar muka mayar da raga inda take.

Abokina ya ce in je wurin mai unguwa a sa baki Mama ta matsar da shanyarta. Shawarar ba ta kwanta mini ba. Filin nata ne, mu baƙi ne a kai, kuma shinkafar nan ita ce cinta da shanta. Ya za a yi a ba ka aron tabarma ka ce mai ita ya tashi? Na kwana biyu ina juya maganar, kwanaki kuma suna tafiya. Bahago kullum zai zo ya gaishe ni a shago ya tsaya yana kallona. Daga ƙarshe na sayi lemo a leda na nufi gidan Mama da kaina.

Na same ta zaune a kan turmi a bakin tamfol, tana korar kaji da kara. Na durƙusa na gaishe ta, na tambayi jiki, na tambayi kasuwa, na tambayi jikoki, har na rasa abin tambaya. Ta ce in faɗi abin da ya kawo ni, lemo ba ya zuwa haka kawai. Na kwashe labarin Bahago na faɗa mata. Ta san shi sarai, ta ce ai shi ne mai yawan gaisuwa. Na tambaye ta a hankali ko akwai wani wurin da za ta iya shanya. Ta ce babu, bayan gida inuwa ce da awaki.

Na ga magana ta ƙare. Har na yunƙura zan tashi, sai wani abu ya ɗaure mini kai. Rana ta riga ta yi sanyi, inuwar gidan ta rufe rabin tamfol, amma shinkafa tana nan a baje. Don son sani kawai na tambaye ta, wai shinkafa tana buƙatar ranar yamma ne, da take barinta har magariba? Mama ta dube ni, ta kwashe da dariya har da tari.

"Shinkafa ya bushe tun kafin la'asar, ɗana. Bayana ne ba ya yarda. Ni kaɗai ne, sai in kwasa kaɗan, in zauna, in kwasa kaɗan."

Ta ce da can, lokacin 'ya'yanta mata suna gida, kafin yara su taso daga makarantar allo sun kwashe komai sun share wurin. Samarin wancan lokacin har bakin ƙofarta suke buga ƙwallo. Da 'yan matan suka yi aure ɗaya bayan ɗaya, sai shanya ta fara kaiwa yamma, yara kuma suka fara ja da baya. Ita tana ganinsu suna matsawa, ta ɗauka haka wasan ya koma.

"Ni na ce kar a taka mini abinci. Ban ce kar a taya ni kwashewa ba. Shekara nawa kuna gaishe ni, ba wanda ya tambaya."

Kunya ta kama ni, daɗi kuma ya kama ni, ban san wanda ya fi ba. Yara fiye da ashirin, majiya ƙarfi, kullum suna durƙusa wa tsohuwa, ba wanda ya taɓa ɗaukar mata buhu.

Washegari kafin atisaye na jera su, kowa ya cire takalmi ya wanke ƙafa. Mama ta tsaya a kanmu tana ba da umarni, ta nuna yadda ake kama bakin tamfol a tattaro shinkafar tsakiya, da yadda ake ɗurawa ba a zubar ba. Ta yi wa mai tsaron ragarmu faɗa don ya ɗora buhu a ka, ta ce a gidanta a kafaɗa ake ɗaukar kaya. Aikin da ke kai ta magariba, kafin ruwan shayi ya tafasa an gama shi. Muka naɗe tamfol, muka sassabe ciyawar, na ja sabon layi da toka har kusa da ƙofar gidanta. Na hura usur cike da murna.

Ba wanda ya shiga wurin. Fili a buɗe, ba shinkafa, ba ciyawa, amma ƙwallo na yin hagu sai ka ga an taka birki a tsohuwar iyaka. Na yi ihu, na yi lallashi, na tsaya a cikin wurin da kaina ina ɗaga hannu. Su kansu dariya suke yi, suna cewa Koci ƙafar ce ke ƙi. Sabo turken wawa, aka ce, ranar na ga turken da idona. Bahago ya fi kowa, domin shi ya fi kowa shan hukunci. Na sa shi a lamba sha ɗaya, wato ɗan gefen hagu, amma ƙwallo na zuwa sai ya juya ta dama ya shige tsakiya.

Mama tana zaune a kan turminta tana kallo. Can sai ta miƙe, ta dogara kara ta shigo fili, wasa ya tsaya. Ta sa aka miƙo mata ƙwallon. Ta riƙe ta da hannu biyu, ta wurga ta can ƙuryar hagu, daidai inda tamfol yake zama. Sannan ta kama hannun Bahago ta ja shi har ya tsallaka iyakar da takalminsa.

"Je ka, ɗan nan. Ba abinci a wurin. Ni na ce."

Ya taka a hankali, ya waiwayo ya dube ta, ta kaɗa masa kara. Ya isa ga ƙwallon, ya taɓa ta da hagu, ya sake taɓawa. Sai ya ɗago ta da ƙafar nan, ta yi baka ta sauka a kan ɗan gabanmu, wanda bai taɓa ganin ƙwallo ta zo masa daga wannan gefen ba. Ta buge shi a kunne ya faɗi zaune. Kowa ya fashe da dariya, har Mama. Ni kuwa a nan na gane yaron da na gani ranar farko yana nan bai tafi ko'ina ba.

Ba zan ce muku cikin 'yan makonni ya zama gwani ba. Numfashinsa bai saba da dogon gudu ba, yakan bi layi sau uku ya riƙe ƙugu. Wani lokaci tsohon birkin yakan dawo. Ɗan bayanmu na dama kuwa ya sha wuya, don karon farko a rayuwarsa aka ba shi aiki. Amma kullum muna farawa da kwasar shanya, mu ƙare da gefen hagu. Mama ta mayar da turminta bakin layi, ta zama 'yar kallonmu ta dindindin, duk da ba ta taɓa sanin wa ke cin wa ba.

Ranar zagaye na biyu mahaifinsa ya rufe gareji ya biyo mu, da riga mai tsabta. Wannan ne karo na farko da ya zo kallon ɗansa. Aka rarraba yaran da aka kira gida biyu, aka sa Bahago a hagu. Ya buɗe can bakin layi yana jira. Uban ya taɓo ni ya tambaya ko yaron ya yi faɗa da sauran ne, da ya ware shi kaɗai. Na ce a'a, wurin aikinsa ke nan.

Ƙwallon farko da ta zo masa, na ga kafaɗarsa ta fara juyawa dama. Sai ya tura ta gaba ya bi layi. Ya wuce na farko da gudu, ya yanke na biyu, ya ɗago ta. Ba a ci ba, ɗan gaban ya buga sama. Ya sake yi, ya kuma sake. A karo na huɗu ko na biyar aka sa kai ta shiga. Na juya in yi wa uban bayani, na tarar ba ya buƙata, yana tsaye ya dunƙule hularsa a hannu.

Da aka tashi dattijon ya kira waɗanda aka ɗauka, Bahago yana ciki. Yaron ya zo ya durƙusa gaban mahaifinsa. Uban ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ɗora masa hannu a ka ya ce, "To. Ka je. Allah ya tsare." Sai ya juya yana neman abin da bai ɓata ba a aljihu.

Dattijon bai manta ba. Ya yafito ni ya ce ina amsarsa. Na ce, "Shinkafa ce, Baba." Ya sa na ba shi labarin tun daga farko, yana dariya yana buga sanda a ƙasa. Ya ce ya ga yaran da rijiya ta koya wa wasa, ya ga na turken lantarki, ya ga na gidan tururuwa, amma na shinkafa yau ya fara gani. Ya ce kowane fili koci ne, kuma ya riga ka fara aiki, don haka kafin ka gyara yaro ka je ka ga inda ya taso. Shi ne kuma ya sa aka kira ni kwas ɗin koci na farko da na taɓa zuwa.

Yanzu nakan zagaya unguwanni ina taimaka wa matasan da ke horar da yara. Idan na je, ba na fara kallon 'yan wasa. Nakan nemi katanga ko tudu in hau, in ga inda ƙasa ta cinye da inda ciyawa ta tsira, sannan in tambayi dalili. Sau da yawa ba wanda ya sani, sai an nemo wani tsoho. Abin har yau yana burge ni, yadda yaro ke ɗauke da filin unguwarsu a ƙafarsa duk inda ya je.

Bahago ya buga wa jiha, daga nan wata ƙungiya ta ɗauke shi, yanzu ƙwallo ce sana'arsa. Mama ta rasu, jikokinta ba sa harkar shinkafa, amma sun bar mana filin. An yi mana shinge ta bakin titi, muna da raga biyu. Yaran da nake da su yanzu ba su san an taɓa shanya a wurin ba.

Bara da aka tafi hutun kakar wasa ya zo gida, ya biyo filin da yamma da buhun takalma ya kawo wa yara. Ta gefen gidan Mama ya ɓullo. Ina hango shi, ya kai daidai tsohuwar iyakar, ya ajiye buhun, ya sunkuya ya cire takalminsa ya riƙe a hannu, sannan ya ratso wurin a hankali. Yara suna ganin babban ɗan wasa ya yi haka, sai na ga biyu sun zauna sun fara kwance igiya. Na hura usur da sauri na ce kowa ya mayar da takalminsa, a zo a zauna a ji dalili tukuna. Na san yadda irin wannan ke farawa.

Shi ya ba su labarin da bakinsa, tun daga benci har ranar da tsohuwa ta ja hannunsa. Da ya gama, wani ƙarami ya tambaye shi ko su ma su riƙa cirewa. Ya girgiza kai, ya dubi ƙofar gidan da ke rufe.

"A'a. Ku ku taka, da gudu ma, don ku ta bar shi. Ni gaishe ta kawai na yi."